Yadda nake haɗa yarana da malamin lissafi ta waya, su da suke karatu a gida

Shekarar da muka cire babban ɗana daga makarantar boko don ya zauna ya haddace Alƙur'ani, yana da shekara goma, ya gama aji huɗu na firamare. Yadda muka tsara da Abbansu shi ne, safiya ta hadda ce, da yamma kuma ni zan riƙa yi masa karatun boko a gida tare da ƙanwarsa, har shekara biyu. Turanci da Hausa da sauran darussan karantawa ban sha wahalarsu ba. Lissafi ne ya tsaya mini. Ina sanin amsa, amma hanyar da zan bi yaron ya gano ta da kansa, ita ce ba ni da ita. Muna zaune a bayan gari a Kano, malaman lesin biyu da muka ɗauka duk kuɗin mota ya sa sun daina zuwa. Daga nan muka koma neman malami ta intanet. Abin da zan faɗa miki, 'yar'uwa, shi ne abin da na koya a wannan hanya, har da wanda sai da na yi asarar kuɗi da lokaci kafin na gane.

Kafin ki nemi malami, ki fara sanin inda yaronki ya tsaya. Ba ajin da shekarunsa suka kai nake nufi ba, inda hannunsa ya tsaya a takarda nake nufi. Ni na ɗauka ɗana ɗan aji biyar ne tunda ya gama huɗu. Wata rana na rubuta masa 503, na ce ya ɗebe 278. Ya rubuta 375, ya miƙo mini da ƙwarin gwiwarsa. Amsar kuwa 225 ce. Da na zauna na duba sai na ga abin da ya yi: a kowane layi ƙaramin adadi yake cirewa daga babba, ko a sama yake ko a ƙasa. Uku daga takwas biyar, sifili daga bakwai bakwai, biyu daga biyar uku. Wato aro bai zauna masa ba, musamman in akwai sifili a tsakiya, kuma wannan aikin 'yan aji biyu da uku ne. Da na kai shi wurin malami na ce a fara masa na aji biyar, da gini aka yi a kan rami.

Don haka ki samu littattafan lissafi na ajin da ya bari da na azuzuwa biyu da ke ƙasa da shi, ki tsamo tambayoyi kamar ashirin: tarawa, ɗebewa mai aro, sau, rabawa mai saura, rabi da kwata, da tambayoyin da aka rubuta da zance. Ki ba shi ya yi shi kaɗai, kada ki taya shi, kada ki yi masa faɗa, kuma ki hana shi goge komai. Wannan takarda da duk ɓarnar da ke cikinta ita ce abu na farko da za ki ɗauki hotonsa ki tura wa duk malamin da kike shawarar ɗauka. Daga amsar da zai ba ki za ki san ko wane ne. Wanda ya ce "ba damuwa, za mu gyara shi" bai duba ba. Wanda muka tsaya da shi, cewa ya yi: "Hajiya, yaron nan ya iya tarawa, kuma yana da sauri. Amma bai san cewa biyar ɗin da ke cikin 503 ɗari biyar ba ne. Ki ba ni mako uku a kan wannan kaɗai." A nan na san na sami malami.

Abin da ake kira koyon lissafi ta intanet iri biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai manhajoji masu bidiyo da tambayoyi, irin Khan Academy, wadda wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya kafa a 2008, kyauta ce, ko uLesson da Sim Shagaya ya kafa a nan Najeriya a 2019, wadda ake biya kuma aka gina a kan manhajar karatun makarantunmu. Akwai kuma malami mai rai da zai kira ku ta bidiyo a lokacin da kuka tsayar. Na gwada barin ɗana da manhaja kaɗai na wata biyu saboda sauƙin kuɗi. Ya kalli bidiyo da yawa, yana ta samun taurari, amma da na sake ba shi ɗebewa mai sifili a takarda, kuskuren nan yana nan daram. Manhaja tana sanin amsa daidai ce ko ba daidai ba. Ba ta ganin hannun yaro lokacin da ya karkace. Yanzu malami yana koyarwa, manhaja kuma wurin maimaitawa ce, kowanne da aikinsa.

In za ki yi amfani da Khan Academy, ki buɗe asusun iyaye ki saka yaron a ƙarƙashinsa, za ki riƙa ganin abin da ya yi da mintocin da ya ɗauka. Ki sani kuma tsarinta na makarantun Amurka ne: kuɗi da dala, tsawo wani lokaci da inci, nauyi da fam, kuma jerin darussan bai yi daidai da namu ba. Saboda haka kada ki bar manhajar ta ja ragama. Malami ne zai ce wannan makon ga sashen da za a yi, a bar sauran.

Maganar manhajar karatu, wato tsarin darussan da ake bi a kowane aji, tana da muhimmanci fiye da yadda na zata da farko. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara ta karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma hukumar NERDC ce ke tsara abin da ake koyarwa a kowane aji. Mu dai niyyarmu tun farko yaran za su koma makaranta, don haka duk malamin da zan ɗauka sai na tambaye shi ko ya taɓa koyarwa a aji a Najeriya, kuma wane littafi zai bi. Wanda ya ce yana da nasa tsarin amma ya kasa nuna mini shi a rubuce, ba na ci gaba da shi. A gaba akwai jarrabawar shiga sakandare, akwai ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare, akwai WAEC da NECO da JAMB, kuma yawancin kwasa-kwasan jami'a ba a shigarsu sai da kiredit a lissafi da Turanci. Wannan hanyar yaro zai bi ko a gida ya yi karatu ko a aji.

Ta ina ake samun malamin? Tun kullen korona na 2020 malamai da yawa suka saba da koyarwa ta waya. Namu ta bakin wata maƙwabciya muka same shi, yana koyarwa a wata sakandare a Zariya, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba sai bayan kusan shekara. Ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi masu karanta lissafi su ma suna yi, kuma kuɗinsu da sauƙi, sai dai in jarrabawarsu ta zo sukan ɓace, ki yi wannan magana da su tun farko. Kada ki biya kuɗin zango guda gaba ɗaya. Na taɓa yi da wani da na gani a talla, bayan darasi huɗu ya fara ɗage lokaci, daga baya ya daina ɗaukar waya. Yanzu darasin gwaji ɗaya nake nema, in ya yi mini, na biya na mako biyu, sannan mu koma wata-wata, kuma ba na jinkirta masa haƙƙinsa ko da kwana ɗaya.

A darasin gwajin ki zauna a gefe ki kasa kunne, ki lura wa ya fi magana. In malam ne ke ta zuba bayani minti talatin yaro yana "eh, Malam", to wannan bidiyo ne kike biya da tsada. Malamin kirki yana tambaya, ya yi shiru, ya jira. Shirun nan yana da nauyi a waya, za ki ji kamar ki faɗa wa yaron amsa don a wuce wurin. Ki daure. A cikin shirun yaron yake tunani.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin shi ya canza mana komai. Kyamarar waya ba fuskar yaro za ta kalla ba, takardarsa za ta kalla. Duk wadda ta yi makarantar allo ta san malam ba ya wadatuwa da jin bakinki, sai ya karɓi allon ya duba rubutun, ya ga inda wasali ya faɗi, kafin ya ce a wanke. Lissafi ma haka yake. Makonnin farko mun jingina wayar da bango tana kallon fuskar ɗana, shi kuma yana rubutu a cinyarsa yana faɗin amsa. In ya yi kuskure, malam bai san daga ina ya ɓullo ba, sai ya sake bayani daga farko. Malamin ne ya ce mu juya ta. Na tara manyan littattafai a kan ƙaramin tebur har suka kai kamar kamu ɗaya da rabi, na ɗora wayar a kai, kanta ya leƙo waje, kyamarar baya tana kallon ƙasa, na danne gindinta da wani littafin. Daga baya na sayi ƙarfen riƙe waya mai lanƙwasa a kasuwar waya ta Farm Centre. Yaron yana rubutu da biro baƙi ko shuɗi mai kauri, don fensir ba ya fitowa sosai, kuma muna zama kusa da taga. Tun daga ranar nake jin malam yana cewa: "Tsaya. Ɗayan nan da ka ɗora a sama, daga ina ka samo shi?" Kuskure ake kamawa tun yana hanya, kafin ya zama amsa.

In kina da waya biyu, ɗaya ta kalli takarda, ɗayar yaro ya riƙa ganin abin da malam ke rubutawa. In ɗaya ce, a riƙa juyawa: malam ya nuna misali, sannan a kife ta a kan takarda. Shi ma malam ki nemi ya rubuta da hannunsa, a takarda ko a farin allon da ke cikin Zoom, domin yaro ya ga yadda ake jera aiki layi bayan layi.

Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma ni ban taɓa jin haushin haka ba, don hankalin ɗan shekara goma ba ya wuce nan a lissafi. Ƙanwarsa mai shekara bakwai minti 25 take yi da wata malama. Mukan yi da WhatsApp ranar da sabis ya yi rauni. Don data ta yi auki, bayan gaisuwa malam yana kashe kyamararsa sai in zai rubuta, kuma bidiyon da yaro zai kalla a mako ina sauke su da dare. Wayar darasi tana kan caji tun safe, da fawa-bank a ajiye, domin wuta ba ta da alkawari. Mun kuma yi yarjejeniya da malam: in sabis ya katse fiye da minti goma, zai turo tambayoyi biyar, yaro ya yi a takarda, na ɗauki hoto na tura, shi kuma ya mayar da gyara da saƙon murya. Darasi ba ya faɗuwa gaba ɗaya.

Sau uku a mako muke yi, Asabar da Litinin da Laraba, bayan la'asar, lokacin yaro ya huta daga haddar safe ya ci abinci. Na gwada bayan isha'i, barci ne kawai. Sauran ranakun yana yin minti goma sha biyar zuwa ashirin na maimaici, ba ƙari. Alhamis da babu makarantar hadda, ita ce ranar muraja'ar lissafi: tambayoyi goma daga abin da aka yi wata ɗaya ko biyu da suka wuce, a cakuɗe. Mai hadda ya san in ana ƙari ba a tilawar baya, abin da aka ɗauka zubewa yake. Ban sha wahalar fahimtar da ɗana wannan ba, shi da kansa ya sa wa ranar suna.

Akwai wani abu game da yaran hadda da ya kamata ki faɗa wa malami tun ranar farko. Ƙwaƙwalwarsu ta saba ɗaukar abu da sauri. Jadawalin sau, daga biyu har sha biyu, ɗana ya haddace shi cikin 'yan makonni, kuma wannan baiwa ce babba. Amma baiwar tana iya rufe ido. Yana iya haddace matakan aiki kaf, ya yi tambaya goma iri ɗaya daidai, alhali bai san dalilin ko mataki ɗaya ba. Da an juya tambayar sai ya tsaya cak. Maganinsa shi ne a riƙa sa shi ya faɗi dalili da bakinsa, kuma a mayar da tambayar zance. Ya san bakwai sau takwas 56 ne. To, an raba goro 56 ga mutum takwas, nawa kowa zai samu? Ranar farko da na yi masa wannan, sai ya fara zana layuka yana ƙirgawa, bai ga cewa amsar tana cikin abin da ya riga ya haddace ba.

A wurin ɓangarori, abin da suke kira firakshan, aka fi daɗewa. An ba shi rabi a tara da ɗaya bisa uku, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya samu biyu bisa biyar. Malam bai ce masa ya yi kuskure ba. Cewa ya yi: "Kana da rabin gurasa, aka ƙara maka wata. Abin da ke hannunka zai fi rabi ko zai gaza?" Ya ce zai fi. "To biyu bisa biyar ta kai rabi?" Yaron ya yi shiru, ya zana gurasa ya yanka biyar, ya ce ba ta kai ba. Sai malam ya tambaye shi ko ya zo ayoyin gado a Suratun Nisa'i. Ya ce ya wuce su. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi, duk suna bakinsa, bai dai taɓa sanin su ne ake rubutawa da lamba a sama da lamba a ƙasa ba. Suka yanka gurasar shida: rabi sudusi uku ne, sulusi sudusi biyu, a haɗa ya zama biyar bisa shida. Ina kicin ina jinsu, na ji yaron ya ce, "Au, ashe shi ne!" Wannan ne amfanin malamin da ya san inda yaro ya fito, kuma shi ya sa na fi son mai jin Hausa a shekarun farko.

Sai dai jarrabawa da Turanci ake yinta. Don haka tsarinmu shi ne a fahimtar da Hausa, a rubuta da Turanci. A bayan littafinsa akwai shafi da yake tara kalmomin lissafi na Turanci da ma'anarsu, domin sau da yawa yaro ya iya aikin, kalma ɗaya ce a cikin tambayar ta ɓatar da shi.

Maganar tsaro gajeriya ce amma ba na sassauci a kanta. A falo ake darasi, ƙofa a buɗe, ba a sa abin kunne, ina jin duk abin da ake faɗa. Lambar malam a wayata take, duk saƙo ta hannuna yake bi, babu hira tsakaninsa da yaro a bayan darasi. 'Yata mace na nema mata. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan, namu ma cewa ya yi hakan ya fi masa kwanciyar hankali.

Ki kuma sa ido a kan manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su fitar da amsa da matakanta, irin Photomath, da su ChatGPT. Akwai makon da aikin gida ya dawo tsaf babu kuskure ko ɗaya, babu ko gogewa, kuma an bi wata hanya da malam bai koyar ba. Malam ne ya lura, ya kira ni a gefe. Ban doke shi ba. Na zaunar da shi na ce, "Ka taɓa ganin wanda ya buɗe Mus'hafi yana kallo ya ce ya kawo hadda?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Umma." Tun daga nan aikin gida a takarda ake yinsa, waya tana ɗakina. Na kuma faɗa masa takardar da ke da kuskure ta fi mini amfani, don ita ce ke nuna wa malam inda zai taɓa.

Naki aikin bai ƙare da biyan kuɗi ba, ko da kuwa kina ganin ba ki iya lissafi ba. Bayan kowane darasi ina ce wa ɗana ya koya mini abin da aka yi, minti biyar, ni ce ɗaliba. In ya iya fahimtar da ni, ya gane. In ya fara "haka dai Malam ya ce a yi", sai na rubuta wa malam cewa wurin nan bai zauna ba. Ina da littafi guda da nake rubuta kwanan wata, abin da aka koyar, da abin da ya gagara. Ƙarshen kowane wata muna magana da malam minti goma, ni da shi da Abbansu in yana gari, tambaya uku nake yi: me ya iya yanzu da bai iya ba a watan jiya, ina ya maƙale, me za a yi a wata mai zuwa. Duk wata uku kuma ina ba shi jarrabawa da kaina daga tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a shagunan littattafai, da agogo a gabansa, ba tare da malam ya ga tambayoyin ba. In wata uku suka wuce maki bai motsa ba, kuma yaro ya fara jan ƙafa in lokacin darasi ya yi, ki yi magana da malam a fili. In aka ƙara wata ɗaya babu canji, ki sallame shi cikin mutunci ki nemi wani.

Kuɗin cefane ma na mayar da shi darasi. In zan aike shi shago, sai ya lissafa canjin da zai dawo da shi kafin ya fita, ya rubuta a takarda. Ƙanwarsa ita ke raba ƙosai da safe, ta faɗi nawa kowa zai samu da nawa zai saura.

Da lokacin komawarsa makaranta ya matso, wata shida kafin nan na je makarantar da muke so na tambayi yadda suke gwada sababbin ɗalibai da littafin da suke bi, na tura wa malam, ya karkata darussan zuwa can. Ranar gwajin na tafi da littattafan aikinsa guda huɗu, da littafina na kwanan wata, don shugaban makarantar ya ga abin da aka yi a shekara biyun. Ya buɗe na farko, ya ga 375 ɗin nan da na kewaye da jan biro, ya buɗe na ƙarshe, sannan ya sa aka kai yaron ɗakin gwaji.